Ranar da Gangata Ta Ƙi Magana a Zanzibar

Ni ɗan malam ne, jikan malam. Gidanmu yana cikin tsohon garin Sakkwato, tafiyar 'yan mintoci da ƙafa zuwa Hubbaren Shehu, kuma tun da na yi wayo zaurenmu cike yake da alluna da buzaye da almajirai. Duk wanda ya san ƙasar Hausa ya san nauyin maganar idan aka ce ɗan irin wannan gida ya rataya ganga. Kiɗa a wurinmu sana'ar gado ce, tana da gidajenta. Makaɗi ana jin daɗinsa ranar biki, a yi masa kyauta har da riga, amma in ya zo neman aure sai a fara duban juna.

Ina aji ɗaya na babbar sakandare na shiga badujalar makarantarmu, kuma ba da niyya ba. Mai koyar da ita wani tsohon ɗan sanda ne da ya yi ritaya, kowa Saje yake kiransa, har shugaban makaranta. Wata rana ya zo wucewa ta bayan ajinmu ya ji ina buga tebur da yatsu, ya leƙo ta taga ya ce in same shi bayan an tashi. Na je ina jiran bulala, sai ya miƙo mini gula ya ce in maimaita abin da nake yi ɗazu.

Kayan badujalar tamu ba wasu na a zo a gani ba ne. Bigila shida, biyu daga ciki sun lotse, babbar ganga ɗaya, ƙanana uku, da kuge. Abin da ya bambanta mu da sauran makarantu shi ne dabarar Saje: ya haɗa mana da algaita ɗaya da gangar gargajiya mai igiya, wadda aka rufe da fatar jar akuya, irin akuyar nan tamu ta Sakkwato da duniya ta san fatarta. Wannan gangar ita ce tawa. Idan muka shigo fili ranar 27 ga Mayu ko 1 ga Oktoba, 'yan bigila su yi nasu na soja, sai Saje ya ɗaga sanda, su yi tsit, ni da mai algaita mu karɓa. Nan fili yake rikicewa da sowa.

Shekara biyu ina wannan abu Malam bai sani ba. Ina ce masa darasin yamma muke yi. Inna ta sani, don ita ke wanke farar rigar fareti ta shanya ta a bayan ɗakin girki inda ba ya zuwa.

Ƙarshen 2013 asiri ya tonu, kuma alheri ne ya tona shi. Wani tsohon ɗalibin makarantarmu da ya daɗe yana aiki a Darussalam ta ƙasar Tanzaniya ya zo gida hutu, ya gan mu muna fareti, abin ya burge shi. Ya ce akwai wata makarantar sakandare a tsibirin Zanzibar da yake hulɗa da ita, za su yi bikin shekara a watan Fabrairu, zai ɗauki nauyin mutum 18 da malamai biyu mu je mu yi wasa. (Mutane da yawa in na ba da labarin sai su ɗauka babban bikin kiɗan nan na Sauti za Busara muka je, wanda shi ma a Fabrairu ake yinsa. A'a, mu ba mu kai nan ba. Filin makaranta ne da rumfar tamfol.) Sunana na cikin 18 ɗin. Sai dai ba a yi wa yaro fasfo sai da takardar amincewar uba.

Na kai masa takardar bayan sallar isha'i, na durƙusa, na faɗi komai tun daga bugun tebur. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Ya riƙe takardar nesa da ido kamar yadda yake riƙe littafi, ya daɗe, sannan ya ce, "Ashe darasin yamman ke nan. Ɗan gidanga da ganga? Mi kaka son mutane su ce?" Ya ajiye ta ƙarƙashin buzu, ya ce in tashi in ba shi wuri.

Kwana huɗu ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Ranar ta biyar Saje ya zo da kansa, ya sa babbar riga, abin da ban taɓa ganinsa da ita ba. Ya zauna a bakin zaure tare da almajirai har aka gama karatu, sannan ya matsa ya gaida Malam. Ina laɓe a soro na biyu ina ji. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ba roƙo mukai ba. Ba mu yi ma kowa kirari, ba mu bin gidan biki. Tarbiyya ce irin ta soja, yaro shi san lokaci, shi san bin umurni." Malam ya yi shiru, can ya ce, "Mutanen can, Musulmi na?" Saje ya ce kusan dukkansu. Da dare ya kira ni, ya ciro takardar ya sa hannu da ajami sannan da boko. Ya kafa mini sharaɗi uku: kada sallah ta wuce ni, kada in miƙa hannu in karɓi ko sisin kwabo don na yi kiɗa, kuma in buɗe ido in ga yadda suke ibada in zo in faɗa masa.

Tafiyar ba sai na ja ta ba. Allurar shawara da katinta mai ruwan ɗorawa, mota daga Sakkwato ta Gusau da Funtuwa da Zariya da Kaduna har Abuja, jirgin sama zuwa Adis Ababa, wani jirgin zuwa Darussalam. Ganga a cikin buhu, na naɗe ta da tsohon zanen Inna. Abin da ba zan manta ba shi ne teku. Babban ruwan da na taɓa gani kafin nan shi ne Gulbin Rima in ya cika da damina, sai madatsar Goronyo da aka taɓa kai mu yawon buɗe ido. Ko can kana hango ƙetare. Nan kuwa jirgin ruwa ya yi kusan awa biyu da mu, akwai lokacin da ba ƙasa gaba ba ƙasa baya. Dogo mai babbar ganga, wanda duk hanya yake cika baki cewa shi jikan masunta ne ta wajen uwa, shi ya fara amai, kuma bai daina ba sai da muka hango fararen gine-ginen Unguja, wato babban tsibirin da birnin yake a kai.

Mu Sakkwatawa muna alfahari da zafin garinmu kamar wata sarauta. A watan Afrilu ma'auni yana haura 40, mu kuwa muna yawo. Da aka ce mana tsibirin yana da zafi dariya muka yi. Ashe zafi iri-iri ne. Namu busasshe ne, gumi na fitowa iska na shanye shi. Nasu jiƙaƙƙe ne, gumi ya fito ya zauna, riga ta manne da baya, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. Mun baro hunturu leɓunanmu a fashe, kwana ɗaya a can duk suka warke ba tare da man kaɗanya ba.

A wani ɗakin kwanan ɗalibai aka sauke mu. Daren farko muka yi alwala, muka tambayi junanmu ta ina rana take fitowa, muka jera sahu muka fuskanci gabas. A bakin Bahaushe ai gabas ita ce alƙibla, har cewa muke mutum ya ba gabas baya. Liman bai kai ga kabbara ba sai ga tsohon mai gadi ya shigo da sauri yana tafa hannu, ya kama kafaɗar limaminmu ya juya shi kamar ana juya buhu. Arewa. Zanzibar tana kusan daidai ƙarƙashin Makka ne a taswira, don haka arewa suke kallo. Na yi sallar nan jikina yana ce mini na karkace.

Da asuba muka bi su masallaci. Liman ya bayyana bisimilla kafin Fatiha, a raka'a ta biyu kuma bayan an ɗago daga ruku'u sai ya ɗaga hannu ya yi alƙunutu a bayyane, mamu na amsawa da amin. Mu da muka saba yinta a ɓoye kafin ruku'u, rabinmu har mun kama hanyar sujada muka dawo. Daga baya aka gaya mini yawancinsu mazhabar Imamu Shafi'i suke bi. Na rubuta duka a bayan littafin lissafi saboda Malam.

Yanzu ga ranar da nake son ba da labarinta. An kawo wa malamin da ya rako mu takardar tsarin biki da harshen Suwahili, a gaban sunan ƙasarmu an rubuta "saa 4". Ya duba ya ce to, ƙarfe huɗu na yamma ne, muna da lokaci. Saje ya ba da umurni kowa ya wanke kayan faretinsa da safe, don sun sha gumin gwajin jiya. A Sakkwato in ka shanya riga ka shiga wanka, kafin ka fito ta bushe. Muka wanke, muka shanya, muka zauna shan shayi.

Ƙarfe tara da rabi sai ga mota a ƙofa, da wani ɗalibi mai jin Turanci yana ta kiran mu fito, baƙi sun zauna. Ashe su ba daga tsakar dare suke fara ƙidayar awa ba, daga fitowar rana suke farawa. Ƙarfe bakwai na safe shi ne awa ta ɗaya a wurinsu, don haka awa ta huɗu ita ce ƙarfe goma na hantsi. Da yake suna kusa da tsakiyar duniya, rana kusan lokaci ɗaya take fitowa duk shekara, lissafin ya zauna musu daram. Mu ne bai zauna wa ba. Rigunanmu kuwa suna kan igiya suna ɗigar ruwa kamar yanzu aka tsamo su.

Ban taɓa ganin Saje ya rasa abin cewa ba sai ran nan. Ya taɓa riga ɗaya, ya taɓa ta biyu, ya tsaya. Can ya ce, "Kowa shi sa kayan Juma'a nai." Haka muka fito cikin kaftani da hula, wani fari, wani shuɗi, wani ruwan ƙasa, kamar masu zuwa ɗaurin aure.

A bayan rumfa na kwance zanen Inna, na rataya ganga, na ɗan taɓa ta da gula don in ji muryarta. Sai na ji "bub". Na sake bugawa. "Bub." Kamar ka bugi jiƙaƙƙen kwali. Na danna fatar da babban yatsa, ta lotsa ta bi yatsan. Jiya a wurin gwaji na lura ta ɗan yi sanyi, na ɗauka gajiyar hanya ce. Ashe fatar kwana biyu tana shan damshin teku, ta saki jiki gaba ɗaya. Sauran gangunan na roba ne, ba abin da ya same su. Tawa kaɗai, wadda aka ɗauko mu saboda ita, wadda na ɓata wa mahaifina rai saboda ita. Wallahi sai da hawaye ya cika mini ido. Saje na can yana jera 'yan bigila, saura makaranta ɗaya a kira mu.

A gefen katanga akwai wani tsoho mai sayar da gahawa, yana da doguwar butar tagulla mai tsinin kai, da ɗan kaskon gawayi a ƙarƙashinta don kada ta huce. Tun ɗazu yana kallona. Ya yafito ni da hannu. An koya mana gaisuwar manya, sai na ce, "Shikamoo." Ya ce, "Marahaba," ya miƙo hannu a ba shi ganga. Ya ƙwanƙwasa fatar da ɗan yatsa, ya yi dariya har na ga gibinsa. Ya sauke butar daga kan kaskon, ya hura gawayin, ya riƙe gangar sama da wutar kamar tsawon kamu biyu, yana juya ta a hankali, yana shafa fatar da tafin hannu yana zagayawa daga baki zuwa tsakiya. In ya ɗan juya sai ya ƙwanƙwasa ya kara kunne. Na matsa in karɓa don na ji an fara kiran sunan Najeriya, ya ture hannuna ya ce, "Pole pole." Ina tsaye ina jin muryar tana tashi da kaɗan-kaɗan, daga "bub" zuwa "dum", daga "dum" zuwa wannan "tan" mai kaifi da na sani. Ya juya ɗaya fuskar ya yi mata haka. Sannan ya karɓi gular ya yi wani ɗan salo da ban taɓa ji ba, gajere, mai tsalle, ya miƙo mini.

Na shiga sahu ana gama taken ƙasarmu. Muka yi nasu taken, wanda Saje ya koya mana da kunne daga waya. Muka yi maci biyu. Sai ya ɗaga sanda, bigila suka ɗauke, mai algaita ya kumbura kumatu, ni kuma na saki hannu. Fatar tana da ɗumi har ina jinsa a cinyata. Ban san ko mun fi kullum iyawa ba, abin da na sani shi ne matan da ke zaune a gefe cikin zannuwansu masu rubutu a baki sun miƙe suna guɗa, guɗa irin tamu sak, kuma kaftanin da muka sa don dole shi ya fi burge su. Sun ɗauka shiri ne.

Ana cikin haka wata dattijuwa ta ratso fili ta soka mini takardar shilin dubu a bakin hula. Al'adarsu ce, kamar liƙi a wurinmu. Hannuna biyu na kan aiki, ban miƙa ba, amma ga kuɗi a kaina, ga maganar Malam a kunnena. Muna fita na zare ta na kai wa tsoho mai gahawa, na ce wa ɗalibin nan ya gaya masa kuɗin gawayi ne. Ya ƙi, na ƙi, daga ƙarshe ya karɓa ya zuba wa mu shida gahawa a 'yan ƙananan kofuna, baƙa ƙirin mai ɗaci.

Ta bakin tafinta na ji cewa shi ma da ƙuruciyarsa makaɗin beni ne. Beni kiɗa ne da mutanen gaɓar tekun suka kwaikwaya daga badujalar sojojin Turawa tun ƙarshen ƙarni na 19, sunan ma daga kalmar Turanci ta ƙungiyar makaɗa ya samo asali, suka juya shi ya zama nasu, har ana raka amarya da shi. Na ce ashe abin da Saje ya yi da algaita wasu sun riga shi da shekara ɗari. Kafin mu rabu ya ja igiyar gangar ya yi wata magana. Tafinta ya ce, wai in kun ɗaure ta da ƙarfi a nan, ku sassauta kafin ku isa ƙasarku. Na ce to.

Sauran kwana ukun yawo ne da wasa biyu ƙanana. Da yake ba kullum ake samun gawayi ba, ni da Saje muka zauna muka ja igiyoyin gangar iya ƙarfinmu har ta riƙe murya ba wuta. Muka zaga tsohon garin da suke kira Garin Dutse, lunguna ƙunci kamar na cikin garinmu, sai dai benaye ne da ƙofofin katako masu ƙusoshin tagulla. Muka ga Baitul Aja'ib, babban ginin da Sarkin Zanzibar Bargash ya gina a 1883. Da na ji a Disambar 2020 wani sashensa ya rufta sai da na nemo hoton da muka ɗauka a gabansa. Da dare muka ci rake da gasasshen kifi a lambun Forodhani, Dogo ya ga wata halittar teku a kan tire ya rantse ba zai ci abin da ke da hannu takwas ba. Harshensu kuwa rabi kamar an ɗauko daga bakinmu: habari, dunia, sukari, Alhamisi, asubuhi, karafuu. An kuma kai mu inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, yanzu coci ne a wurin, muka shiga wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ba a iya miƙewa tsaye sosai. Yaran da ke ta surutu duk suka yi shiru. Malaminmu na tarihi ya ce kada mu yi saurin nuna yatsa, mu ma in muka tona tarihin garuruwanmu za mu tarar da irin wannan kasuwa. Da ɗan guzurin da ya rage mini na sayi kanumfari rabin kilo a kasuwar Darajani, don Malam ba ya shan shayi sai da shi.

Mun iso Sakkwato da tsakar dare, makaranta a kulle, dole kowa ya tafi gida da kayansa. Karo na farko ke nan da ganga ta shiga gidanmu. Na ratsa zaure da ita a buhu kamar ɓarawo, na tura ta bayan ƙofar ɗakina.

Da safe na kai wa Malam kanumfari da littafin lissafi. Ya shinshina, ya ajiye. Na karanta masa abin da na rubuta. Maganar alƙunutu ba ta ba shi mamaki ba, ya ce ya karanta haka a littattafai, sai dai bai taɓa sallah bayan mai yin hakan ba. Maganar alƙibla ce ta kama shi. Ya sa na zana masa a ƙasa da tsinke, ga Makka, ga mu, ga su. Ya daɗe yana kallo, ya kira manyan almajiransa biyu ya ce in sake. Da na zo kan lissafin awa da jiƙaƙƙun riguna, ya yi dariyar da sai da ya cire tabarau. Na faɗa masa labarin shilin dubu ma. Ya ce, "Hannunka ya taɓa ta?" Na ce sai da zan bayar. Bai ce komai ba. Ganga kuwa ko sunanta bai ambata ba, ni ma ban ambata ba.

Kwana biyu bayan nan, ana tsakiyar karatun azahar, iskar bazara ta fara busowa, gidan ya yi tsit sai muryar almajirai, sai aka ji "fau!" daga ɗakina kamar an harba bindiga. Kaji suka watse, Inna ta fito da muciya a hannu. Ni na riga na san ko mene ne, don a daidai lokacin maganar tsoho mai gahawa ta faɗo mini. Fatar da muka ɗaure tam a damshin teku ta bushe ta tsuke, ba ta da inda za ta je. Ta tsage tun daga baki har baki.

Ina durƙushe a kanta sai na ga inuwa a ƙofa. Malam ne, da littafi a hannu, yatsansa a tsakanin shafi. Ya dubi gangar, ya dube ni. Ya ce, "Ta makaranta ce?" Na ce e. Ya ce, "Amana ce ke nan." Ya juya ya koma zaure.

Washegari da na dawo daga gaida kakata ban tarar da ita a bayan ƙofa ba. Na tambayi Inna, ta ce Malam ya sa almajiri ya ɗauka, sun fita tare tun da hantsi, kuma ya ce a rufe ta da zane sosai. Bayan kwana shida aka dawo da ita da sabuwar fata fuska biyu, har da ragowar jan gashi a gefen da igiya ta kama. Mai haɗa gangar ya gaya wa Saje daga baya cewa shekararsa 40 yana wannan sana'a malami bai taɓa taka ƙofarsa ba, kuma da ya ce ya bar kuɗin sadaka, Malam ya ƙi, ya biya har da na igiya.

Ran da zan mayar da ita makaranta na zo ratsa zaure, yana zaune shi kaɗai yana fiƙe alƙalami. Bai ɗago ba ya ce, "Ka sassauta mata igiya. Bazara ta shigo."